Kuru ko ingarma: wanne ya dace da doguwar tafiya?

Mai neman dokin doguwar tafiya ko na kilisa cikin daji, idan ya shiga kasuwa irin ta Maigatari, idonsa kan fara sauka ne a kan dogon doki mai ƙirar hawan salla. Dillali ma can zai ja shi, domin can kuɗin yake. Kuru kuwa, gajeren dokin nan da ake ɗaure wa a gefe, sai a ce na yara ne. Ni dai ina ganin ana yi masa rashin adalci.

Dubi inda ake gasar juriya da gaske. A Kalifoniya ta Amurka ana yin gasar Tevis tun 1955, tafiyar kilomita 160 cikin awa 24 a kan duwatsu, kuma dawakan Larabawa da ruwa-biyunsu ne suka mamaye ta. Yawancinsu tsayinsu daga ƙasa zuwa tudun kafaɗa bai wuce santimita 145 zuwa 155 ba. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, tana lissafa wanda bai haura santimita 148 ba a matsayin kuru, ka ga wasunsu a bakin iyaka suke. A Mongoliya kuma akwai tseren kilomita 1,000 da aka fara a 2009, a kan gajerun dawakan ƙasar, sai dai ana sauya doki kusan duk bayan kilomita 40, kuma ana ƙayyade nauyin mahayi.

Wannan maganar nauyi ita ce kan zance. Ƙa'idar da masana suka fi bi ita ce kada mahayi da sirdi da duk tarkacensa su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. Kuru mai kilo 300 zai ɗauki kilo 60, matsakaici mai kilo 400 ya ɗauki 80. Ka hau ma'auni rungume da sirdinka kafin ka tafi kasuwa. Sirdin gargajiya mai zubka da jalala da likkafun ƙarfe ba ƙaramin kaya ba ne, kuma tsawonsa kan zarce gajeren baya har ya danne kwankwaso. Wannan na ranar hawa ne, ba na yinin tafiya ba.

Idan nauyinka ya dace, kuru yana da abubuwan so. Ƙaramin jiki ya fi saurin fitar da zafi, abin da duk wanda ya yi tafiya a watan Afrilu zai gane amfaninsa. Harawa da dusar da zai ci ba su kai na babba ba. Hawa da sauka a daji babu wahala, ga wucewa ƙarƙashin rassan ƙaya ba tare da an bar rawani a sama ba. Aibinsa shi ne gajeren taki: idan abokan tafiyarka a kan dogaye suke, su suna takawa kai kana sassarfa, kuma hakan na cin ƙarfin doki da bayan mahayi.

Dogon doki mai jinin sukuwa, irin 'yan Sudan, a gajeren zango ya fi haskawa. Ga ci, ga tsada. Matsakaici mai jinin Azbin, mai cikakken ƙirji da ƙashin ƙafa mai kauri, shi zan nuna wa babban mutum mai jiki.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka biya sai ka gwada. Ɗaga kofato huɗun ka duba tsagewa, shafa baya ka ga ko zai lanƙwashe don ciwo, sannan a buɗe baki a duba haƙora don sanin shekarunsa, domin wanda bai kai shekara 5 ba ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Daga nan a yi sassarfa da shi na ɗan lokaci, ka sa hannu a gefen ƙirjinsa, daidai bayan inda ƙafar gaba ta hagu ta haɗu da jiki, ka ƙirga bugun zuciya. Dokin da ke hutawa kan buga 28 zuwa 44 a minti. A gasar juriya likitoci ba sa barin doki ya ci gaba sai bugun ya sauko zuwa 64 ko ƙasa da haka. Wanda ya daɗe yana haki bugun bai sauko ba, bar wa dillali kayansa, ko da ya kai raƙumi tsawo.