Sufa, DAP ko garin dutse: wanne za ka saya wa gyaɗarka?

Kafin ka shiga kasuwar Garwa ta Kamaru neman takin gyaɗa, ka riƙe abu ɗaya: fosfat, sinadarin da ake sayen takin dominsa, in bai narke ba, saiwa ba ta shansa. Garin dutsen da ake haƙowa a Tawa ta Nijar ko Tilemsi ta Mali, shi da ƙashi jirgi ɗaya ya kwaso su, fosfat ne da kalsiyam suka ƙulle juna. Zuba shi a ruwa, sai ya kwanta kamar yashi. Tsami ne ke kwance ƙullin, shi ya sa ba ya aiki sosai sai a ƙasa mai tsami, wadda pH ɗinta (ma'aunin tsamin ƙasa) ya gaza 5.5. A laka irin ta masakwa a Marwa kuwa, wadda ba ta da tsami, kuɗinka ka binne.

Ni dai sufa nake saye. Dutsen nan ne, amma an riga an jiƙa shi a masana'anta da asid irin na ruwan batir, dabarar da wani Bature mai suna Lawes ya yi wa rajista a Ingila tun 1842. Fosfat ɗinsa 16 zuwa 20 cikin ɗari ne kawai, sai dai ruwan farko na sauka ya narke. Ragowar buhun kuma ba banza ba ce, kalsiyam ne da farar wuta, su ne ke cika kwanson gyaɗa da ƙwaya.

DAP, wani takin zamani na daban, yana da fosfat 46 cikin ɗari, amma ga tsada, ga ƙona iri in ya taɓa shi. Kamfa, bar wa masara.

Inda gizo ke saƙa shi ne jabu. Bara waccan wani ya sayar mini buhu huɗu, yana ta «Alhaji, sai ka dawo ka gode mini». Ɗinkin bakin buhun na hannu ne, na gani na kau da kai don araha. Ashe rabinsa niƙaƙƙen farin dutse ne.

Yanzu da lemun tsami nake zuwa kasuwa. Ka zura hannu har gindin buhu, kada ka ɗebi na sama, ka matsa lemun a kai: in ya yi kumfa, an gauraya. Ka kuma kaɗa cokali ɗaya a kofin ruwa. Sufa na gaskiya yana barin farin gari mai laushi a ƙasa, wannan ba laifi ba ne. Abin da ke ƙaras-ƙaras tsakanin yatsu shi ne yashi. Mai shagon da ya hana ka buɗe buhu, ɗauki kuɗinka ka yi gaba.