Ƙaramin Jirgin Ƙasa Mai Ma'aunin HO a Hannun Kaka da Jikoki a Zariya

Kayan da wannan sharhi ya shafa saitin ƙaramin jirgin ƙasa ne mai aiki da lantarki, irin wanda kamfanonin Turai ke haɗawa cikin kwali ɗaya domin masu fara wannan sha'awa. A cikin kwalin akwai kan jirgi guda mai siffar injin dizal, da taragun kaya uku, da guntayen layin dogo waɗanda idan aka harhaɗa su suke ba da zagaye mai ɗan tsawo, sai kuma taransifoma da akwatin sarrafa gudu. Ma'auninsa shi ne wanda ake kira HO, wato an rage girman kowane abu sau 87 daga na ainihi, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin milimita 16.5 ce. Kamfanin Märklin na Jamus yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan faɗin layi tun daga 1935, kuma a yau babu ma'aunin da ya kai shi yawan masu amfani a duniya, wanda hakan ke nufin duk abin da mutum ya so ƙarawa daga baya zai same shi ba tare da wahalar nema ba, ko da yake sai an yi odarsa daga waje.

Ƙirar kan jirgin ba ta da abin kushewa. Yana da nauyi a hannu, fentinsa ya zauna sosai, kuma yana iya tashi a hankali ba tare da fizga ba, abin da ya fi komai burge yara, domin suna son su ga ya shigo tasha yana rage gudu kafin ya tsaya. Wutar da ke bin layin ba ta wuce kimanin bolt 12 ba, saboda haka ko yaro ya ɗora hannunsa a kan ƙarafan babu abin da zai same shi. Wajen da ake bukatar kulawar babba shi ne taransifoma. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, don haka saitin Turai ya dace da mu, sai dai filoginsa mai ƙafa biyu yana bukatar adafta, alhali na Ingila mai ƙafa uku yana shiga soket ɗinmu kai tsaye. Wanda kuwa aka aiko masa da saiti daga Amurka, inda wutarsu bolt 120 ce, kada ya kuskura ya jona shi kafin ya karanta abin da aka rubuta a jikin taransifomar. Jirgin ba ya cin wuta, ƙaramar inbata ma tana ɗaukarsa, kuma na fi natsuwa da ita a kan janareta mai hawa da sauka.

Babbar jarabawar da wannan kaya ke fuskanta a Zariya ita ce ƙura. Kan jirgin yana ɗaukar wuta ne ta ƙafafunsa daga layin, saboda haka da zarar ƙurar hunturu ta kwanta a kan ƙarfen, sai ya fara tafiya yana tsayawa, fitilarsa tana ƙyaftawa, har yara su ɗauka ya lalace. Ba lalacewa ba ce. Ana ɗan jiƙa tsumma mai laushi da sifirit a bi layin da shi, a duba ƙafafun jirgin a cire baƙin dattin da ya manne, sannan a zare gashi ko zaren da ya naɗe a jikin gatarinsa. Kada a goga sanfefa, domin takan bar ƙananan zane a ƙarfen waɗanda datti zai riƙa taruwa a cikinsu. Wannan aiki ne na miƙa wa babban jikana mai shekara goma sha ɗaya, kuma na lura ya fi ɗaukarsa da muhimmanci a kan tuƙin kansa: yakan sunkuya har kumatunsa ya kusa taɓa katakon, ya rufe ido ɗaya yana hangen layin daga gefe don ya gano inda maƙalai biyu, wato ƙarafan da ke haɗa guntayen layin, ba su haɗu daidai ba, ya danna su da babban yatsa, sannan ya ɗago ya ce, "Kaka, a gwada yanzu."

Shimfiɗa layin a kan tabarma ko kafet ba ya yi, domin maƙalan suna saki, zare kuma yana shiga injin. Kafinta ya yanka mana falankin katako mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, aka kafe layin a kai da ƙananan ƙusoshi, idan an gama wasa a lulluɓe shi da tsohon zanin gado a jingina shi a bango.

Abin da ya sa nake ganin saitin ya ci kuɗinsa, duk da tsadar da canji ya jawo, shi ne ƙofar da yake buɗewa ta ba yara tarihin garinsu. Zariya gari ne na reluwe. Layin da ya taso daga Baro ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, daga Zariya kuma aka ja wani siririn layi zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, wanda aka rufe a 1957, sannan layin da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Sabon Gari ma albarkacin tashar jirgi ya bunƙasa, kuma auduga da gyaɗar ƙasar nan ta wannan hanya suka riƙa tafiya bakin teku. Yaro ba ya zama ya saurari waɗannan shekaru idan aka karanto masa su haka kawai, amma idan aka ce ya cika tarago ɗaya da ƙwayar gyaɗa, ɗaya da auduga, ya gina sito da kwalin ashana a gefen layi, da kansa yake tambayar inda kayan za su. Har ɗan lissafi ya shigo ciki, domin idan aka ninka 16.5 sau 87 ana samun kusan milimita 1,435, wato faɗin layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ba na tsohon layinmu na Zariya ba, wanda faɗinsa milimita 1,067 ne. Mai son ya kwaikwayi tsohon layin daidai da daidai a wannan ma'auni sai ya nemi layi mai milimita 12, amma wannan nisan kiwo ne ga mai farawa, kuma yara ba ruwansu da shi.

Sai dai a sani cewa wannan ba abin wasan da za a miƙa wa yaro a juya baya ba ne. Maƙalan da ke haɗa taragu roba ce siririya, ɗora tarago a kan layi yadda duk ƙafafunsa za su zauna yana bukatar haƙurin da ɗan shekara biyar bai da shi, kuma akwai ƙananan sassa da mai rarrafe zai iya kaiwa baki. Ƙaramar jikata, wadda nake tsokana da amarya, ba ta yarda da akwatin sarrafa gudu ba ko kaɗan. So take ta tura jirgin da hannu, alhali tura kan jirgi mai inji da ƙarfi yana cinye haƙoran giyarsa. Na naɗa ta shugabar tasha, na ba ta usur da jan ƙyalle, jirgi ba ya tashi sai da izininta, kuma takan yi amfani da wannan iko fiye da kima. Ga masu irin shekarunta, jirgin katako mai maganaɗisu, irin na kamfanin BRIO na Suwidin, shi ya fi dacewa.

Gazawar da saitin ke da ita a matsayinsa na kayan farawa ita ce zagaye ɗaya tak, wanda yaro mai wayo zai gaji da kallonsa nan da nan. Wanda zai saya ya haɗa da mahaɗar sauya layi guda biyu da 'yan miƙaƙƙun layuka tun a odar farko, domin a samu reshen ajiye taragu, a riƙa kwancewa ana ƙullawa, kowane yaro ya samu aikin yi. Ya kuma ƙara da ƙunshin maƙalan layi da na taragu na ajiya, tun da ba abin da za a leƙa kasuwar Sabon Gari a samo ba ne idan ɗaya ya karye. Masu saye daga Ingila su lura cewa ma'aunin da ya fi yawa a can, irin na kamfanin Hornby, OO ne mai ragin sau 76, wanda ke hawa layi ɗaya da HO amma taragunsa sun ɗan fi girma, kuma sau da yawa maƙalansu ba sa kama juna sai an sauya su.