Tukunyar Gahawa Ta Gida: Wacce Za Ka Saya, Wacce Za Ka Bar Wa Mai Shago

Yawancinmu a teburin mai shayi muka san gahawa. Ya yage 'yar ledar Nescafé, ya juye a kofi, ya kwara ruwan zafi, ya antaya madara da sukari. Ba laifi, tun 1938 kamfanin Nestlé ke sayar da wannan garin, kuma ya yi wa direbobi da masu gadi rana. Amma duk wanda ya taɓa shan gahawar da aka niƙa 'ya'yanta a gabansa aka dafa nan take, ya san akwai tazara. Ga wanda yake son ya fara dafawa a gida, ni dai shawarata tukunyar Moka, kuma ba na ɓoye cewa ita ce tawa.

Wani Ba'italiye mai suna Alfonso Bialetti ne ya fito da ita a 1933, 'yar tukunyar alminiyon mai kusurwa takwas, kuma har yau siffarta ba ta sauya sosai ba. Hawa uku gare ta. Na ƙasa na ruwa ne, na tsakiya mazurari ne mai ƙananan huji inda ake zuba garin gahawa, na sama kuma nan gahawar ke taruwa. Idan ka ɗora a wuta, tururi ya taru a ƙasa ya tura ruwan ya ratsa ta cikin garin ya haura sama. Ƙarfin turin bai kai na manyan injinan espireso na shagunan gahawa ba, waɗanda ke aiki da matsin da ya kai 9 a ma'aunin bar, ita Moka ba ta wuce 1 zuwa 2 ba. Duk da haka gahawar da take fitarwa mai kauri ce, mai nauyi a baki, irin wadda ko ka zuba mata madara ba za ta ɓace ba. Wannan ya dace da bakinmu, don kaɗan ne cikinmu ke shan gahawa baƙa wuluk.

Babban abin da ya sa na fifita ta shi ne ba ruwanta da wutar lantarki. Tana hawa gas, tana hawa risho, tana hawa kurfoti muddin garwashin ya lafa. Ba ta buƙatar takarda, ba ta da gilashin da zai fashe, ba ta da wayar da za ta ƙone idan wuta ta dawo da ƙarfi. Abin da ke tsufa a jikinta kawai farar robar nan ce da ke tsakanin hawa na sama da na ƙasa, ita kuma canza ta ake yi. Ranar da ka sayi tukunyar, ka haɗa da robobi biyu ka ajiye, don neman su daga baya wahala ne.

Wajen girma ake yawan ruɗewa. Idan ka ga an rubuta kofi 3 ko kofi 6 a kwali, ƙananan kofunan Italiya ake nufi, 'yan mitsi-mitsi. Mai kofi 3 ba ta cika babban kofin shayi ɗaya ba, ta mutum guda ce. Mai kofi 6 ta ishi miji da mata. Kada ka ce bari in sayi babba in riƙa zuba rabi, Moka ba ta son haka. Sai an cika mazurarin da gari take fitar da gahawa mai kyau, idan rabi ne ruwan sai ya bi gefe ya wuce, ka sha salam.

Dafawar ma ba wuya. Ka tafasa ruwa tukuna, ka zuba a hawan ƙasa ya tsaya daidai ƙarƙashin ɗan bawul ɗin da ke gefe, kada ya rufe shi. Ka cika mazurari da gari mai laushin gishirin tebur, ka share bakinsa da yatsa, amma kada ka danna. Ka ɗaure sosai da tsumma a hannu, don ƙasan ya yi zafi. Wuta kaɗan. Ka bar murfin a buɗe ka zuba ido: da farko gahawar za ta fito baƙa-ƙirin tana gangarowa a hankali ta jikin bututun, sai ta fara yin haske, sai ka ji tana kwarkwar tana tofar da kumfa. Kafin ta kai nan ya kamata ka sauke, ka ɗora ƙasan a jiƙaƙƙen tsumma. Wannan ragowar ta ƙarshe ita ce ke kawo ɗaci da ƙauri, kuma ita ce ta sa wasu ke cewa gahawar Moka ba ta da daɗi.

Sauran fa? French press, wato tulun gilashi mai matsi, tana da sauƙin aiki, amma gilashi ne a gidan da ke da yara, kuma kullum akwai laka a ƙasan kofi. AeroPress, wato bututun roba mai matsi da Alan Adler ya ƙera a Amurka a 2005 tana da kyau ga matafiyi, sai dai kofi ɗaya take yi, kuma ranar da takardunta suka ƙare sai ka jira mai zuwa daga waje. V60, mazurarin tace gahawa na kamfanin Hario na Japan, ta masu lokaci ce: sai da sikeli, sai da buta mai dogon wuya, sai da auna giram 60 na gari ga kowace lita, ga takarda ita ma. Injin da ake saka wa 'yan gwangwanayen gahawa kuwa, kuɗin gwangwanayen kaɗai ya isa ya kore ka, balle a zo ga wuta.

Abu ɗaya zan ba masu takarda gaskiya a kai. Gahawa na da wani mai da ke ɗaga kitsen jini, wato kolestarol a bakin likitoci, kuma takardar tacewa, wadda wata Bajamushiya Melitta Bentz ta ƙirƙiro a 1908, tana riƙe mafi yawansa. French press ba ta riƙe shi. Idan likita ya riga ya ja maka kunne kan kitsen jini, ka ɗauki mai takarda. Ita kuwa jabana, tukunyar yumɓun da 'yan'uwanmu Hausawan Sudan ke dafa gahawa da citta a ciki, ban da abin cewa sai yabo, amma ta zaman hira ce, ba ta mai shirin fita aiki da sassafe ba.

Tukunya dai rabin magana ce. Idan kuɗinka na abu biyu ne kacal, na biyun ya zama ɗan injin niƙa na hannu, mai haƙora biyu da ke murƙushe 'ya'yan daidai wa daida. Mai wuƙa da ke juyawa da lantarki sara yake yi, wani ya zama ƙura wani ya rage tsakuwa. Kada ka kai wa mai injin unguwa, za ka sha gahawa mai ƙamshin barkono, haka ma turmin da ake daka daddawa. Ka nemi 'ya'yan irin da ake kira arabika idan kana son ƙamshi, ɗaya irin, robusta, ta fi ɗaci kuma sinadarin kafin da ke hana barci ya kusa ninka na arabika a cikinta. Ana noman arabika a tsaunin Mambila na jihar Taraba, akwai ta Kamaru, akwai ta Habasha inda asalin bishiyar yake. Ka duba ranar da aka soya 'ya'yan, ka saya kaɗan-kaɗan, ka ajiye a gwangwani mai murfi nesa da murhu. Kuma kada a wuce gona da iri: hukumomin lafiya na Amurka da Turai sun sa iyaka a miligiram 400 na kafin a rana ga babba mai lafiya, kusan kofi huɗu, mai juna biyu kuma 200.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kasuwa cike take da jabun Moka. An taɓa sayar mini da wata a kwali mai sheƙi da tutar Italiya a jiki. Zaren murɗinta ba ya kamawa, tururi na tsiyaya ta gefe, hannun ya fara narkewa a kan gas, kuma da na goga cikinta da farin tsumma sai ya fito toka-toka. Mafi muni, bawul ɗin ado ne kawai, an liƙa shi ba ya motsi. Wannan ɗan bawul ɗin shi ne ke sakin tururi idan hanya ta toshe, tukunyar da ba ta da shi tana iya tarwatsewa a fuskar mutum. Don haka kafin ka biya, ka kwance ta a gaban mai shago. Ka leƙa ta ciki ka ga ramin bawul ɗin ya ratsa. Ka murɗa ka kwance sau da yawa ka ji ko tana cijewa. Ka ɗaga ka ji nauyi, ta jabu sakayau take. Batun ƙarfen ma ba wasa ba ne, wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake ƙerawa da tarkacen alminiyon a Kamaru ya gano dalma na fita daga jikinsu ta shiga abinci. Araha dai ba ta ado.

Garin gahawa da ake aunawa a buɗe shi ma ana masa algus da soyayyen masara ko waken suya ko ɓawon gahawar kanta. Ka barbaɗa ɗan kaɗan a kan ruwan sanyi cikin kofin gilashi. Gahawa ta gaskiya takan ɗan jima tana yawo a sama kafin ta rina ruwan, abin da aka cakuɗa kuwa yakan nutse da wuri yana jan jan zare. Mafita mafi sauƙi ita ce sayen 'ya'yan ba niƙaƙƙe ba. Sannan ka guji duk ledar da aka rubuta wa gahawar maza ko gahawar rage ƙiba. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano maganin ƙarfin maza irin su sildenafil a ɓoye cikin irin waɗannan, abin da ke iya faɗar da jinin mai shan wasu magungunan zuciya, ta kuma gano sibutramine a cikin na rage ƙiba, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ko ka ga lambar NAFDAC a leda, ka tabbatar ta gaske ce.

Irin masu wannan sana'ar ne kuma ke yawo da kofi mai maganaɗisu a gindi. Za a tara ku a ɗakin taro, a ce kofin yana gyara ruwa, yana kashe gubar gahawa, yana tsinka jini. Daga kofi a koma awarwaro, zobe, ɗamara, shimfiɗar takalmi, har katifa, a ce suna maganin sanyin ƙashi, ciwon baya, hawan jini da ciwon suga, kuma idan ka kawo mutum uku za a ba ka kamasho. Hujjarsu kullum ɗaya ce: akwai ƙarfe a jini, maganaɗisu kuma yana jan ƙarfe. Ƙarfen da ke cikin jini ba irin na ƙusa ba ne, a ɗaure yake cikin sinadarin da ke ɗaukar iska, maganaɗisu ba ya jan sa. Na'urar MRI ta asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki, wadda maganaɗisunta ke da ƙarfin gaske, tana iya fizgo tukunyar iskar oksijin daga ƙofar ɗaki, amma mutum na kwanciya a cikinta ya fito jininsa na inda yake. To ina ga ɗan ƙwayar da ke gindin kofi?

An kuma gwada abin, ba sau ɗaya ba. A 2007 mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ta wallafa nazarin da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kan irin wannan maganaɗisun, bai sami shaidar cewa yana rage ciwo ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila suka sa wa mutum 70 masu amosanin gaɓɓai awarwaron maganaɗisu da na tagulla na tsawon wata biyar, ba a ga wani bambanci da na bogi ba. Tun a 1784 ma wani kwamiti da sarkin Faransa ya naɗa, wanda Benjamin Franklin ke ciki, ya binciki Franz Mesmer mai da'awar warkarwa da wani ƙarfi da ya kira maganaɗisun jiki, ya ce tunanin marasa lafiyar ne ke aiki. Idan mai talla ya ce maka ai a Amurka ma ana jinya da maganaɗisu, yana nufin wata na'urar asibiti ce da aka amince da ita a 2008 don ciwon damuwa mai tsanani, wadda ke aika bugun maganaɗisu mai ƙarfi zuwa ƙwaƙwalwa a hannun likita. Ba ta da dangi da awarwaro.

Asarar kuɗin ba ita ce ta fi damuna ba. Dattijo ne zai ɗaura awarwaro ya ajiye maganin hawan jininsa, ko uwa ta daina allurar suga don an ce katifa ta isa. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuwa, maganaɗisu mai ƙarfi kusa da ƙirji yana iya rikita ta. Ƙananan ƙwayoyin da ke ɓallewa daga awarwaro su ma, idan yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi, sai an yi tiyata.

Wuri ɗaya ne maganaɗisu zai yi maka amfani a wannan cinikin. Idan murhunka na lantarki ne mai fuskar gilashi, irin wanda ke zafafa tukunya da maganaɗisu, Moka ta alminiyon ba za ta yi zafi a kansa ba ko ta kwana. Sai ka nemi mai gindin ƙarfe, kamfanin Bialetti na yin irinta. Ka tafi shago da ɗan maganaɗisun da ake liƙawa a ƙofar firij, ka kara a gindin tukunyar. Idan ya kama, za ta hau murhunka, idan ya faɗo ka nemi wata.