Saurayi ya daina cin abinci: faɗa a gida ko asibiti?

Ya rame har wando na zame masa, amma kullum yana gaban madubi yana cewa ya yi teɓa. In ya ci tuwo, sai ya zaga banɗaki ya sa yatsa a maƙogwaro.

A gida faɗa aka saba: "Kai namiji ne, ci!" Wannan faɗan, ɓoyewa kawai yake ƙara masa. Ɗura masa abinci lokaci guda bayan doguwar yunwa kuwa na iya rikita gishirin jini, har zuciya ta tsaya.

Asibiti akwai kashe kuɗi da jin nauyi, gaskiya ne. Amma likita zai auna bugun zuciya da fotasiyam, wato gishirin jinin da amai ke zubarwa, ya ƙara abinci kaɗan-kaɗan, ya haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa. Da ƙanena ne, can zan kai shi.