Shekara Biyu Ina Sayar da Turare a Facebook, Instagram da WhatsApp Business

Sana'ata ita ce haɗa turaren wuta da humra, na kuwa koye ta ne a wurin goggona wadda ta yi zaman aure a Maiduguri shekaru masu yawa. Kafin in san wani abu wai shi talla a intanet, masu sayen kayana ba su wuce matan unguwarmu da 'yan biki ba, sai kuma wadda ta ji ƙamshin a jikin ƙawarta ta matsa mata da tambaya har aka yi mata kwatancen gidanmu. Yanzu shekara biyu ke nan da na buɗe shafin kasuwanci a Facebook da Instagram, na kuma mayar da layin sana'ata kan WhatsApp Business, saboda haka ina ganin na zauna da su gwargwadon da zan iya faɗin ra'ayina ba tare da ɗokin sabon shiga ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gane cewa waɗannan manhajoji uku da nake ɗauka kishiyoyin juna ne ashe 'yan ɗaki ɗaya ne. Mark Zuckerberg ya kafa Facebook a shekarar 2004 yana ɗalibi a jami'ar Harvard ta Amurka, kamfanin ya sayi Instagram a 2012 a kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19, sannan a 2021 ya sauya wa kansa suna zuwa Meta. Facebook kaɗai yana da masu shiga fiye da biliyan 3 a kowane wata, WhatsApp kuma ya haye biliyan 2 tun a 2020. Duk ɗan kasuwar da ya ji waɗannan alƙaluma dole yawunsa ya tsinke, domin babu Kurmi, babu Kwari, babu wata kasuwa a bayan ƙasa da ta taɓa tara ko kusa da wannan taro. Sai dai tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko, wadda ban yi ba sai da na kashe kuɗi, ita ce ta wace hanya mai wannan kasuwa yake cin abinci, tunda ba ya karɓar ko sisi a bakin ƙofa. Amsar ba ɓoyayya ba ce. A 2024 kuɗin da ya shiga Meta ya haura dala biliyan 160, kuma kusan dukkansa daga talla ya fito. Ma'ana taron nan da na shigo ina zumuɗin samu kyauta, shi ne hajar da kamfanin yake sayarwa, ni kuwa da ire-irena mu ne masu saye.

Buɗe shafin bai ba ni wahala ba ko kaɗan, cikin yammaci ɗaya na gama, kuma ga wadda Turanci ke yi wa nauyi, tun 2016 ana iya juya Facebook zuwa Hausa. A watannin farko na riƙa ɗora hotunan kwalaben humra da robobin turaren wuta, mabiya suka riƙa ƙaruwa, ni kuma kullum da safe kafin in ɗora ruwan shayi sai na duba adadinsu kamar mai ƙirga kajinta. Da tafiya ta yi tafiya na lura cewa yawan mabiya daban, yawan waɗanda suke ganin abin da na ɗora daban. Shafin da kansa yana nuna wa mai shi mutum nawa kowane hoto ya kai wa, kuma adadin kan kasance ɗan kaɗan daga cikin mabiyan, domin na'urar kamfanin ce ke zaɓa wa kowa abin da zai gani bisa abin da ya saba tsayawa a kai. Ban ɗauki wannan a matsayin zalunci ba, tsarin gidan ke nan, kuma ba a ɓoye shi ba. Amma da wani ya zaunar da ni ya yi mini bayaninsa tun farko, da ban ɓata wata shida ina murnar lambar da ba ta sayen ko kwalba ɗaya ba.

Tallan farko da na biya kuɗi, kuskuren nawa ne daga farko har ƙarshe. Da aka tambaye ni su wa nake son su gani, sai na ce Najeriya gaba ɗaya, maza da mata, yaro da babba, ina ganin idan tarun ya yi faɗi kifin zai fi yawa. Kwana biyar tallan yana yawo, alamun so suka yi ta zuba, mutane da dama suka rubuta "nawa ne?" suka ɓace ba su jira amsa ba, wasu samari kuma suka shigo akwatin saƙo da tambayoyin da ba su shafi turare ba. Cinikin da na yi bai mayar da kuɗin tallan ba. Kafin ma a kai nan sai da katin bankina ya ƙi biya har sau biyu, wannan kuwa matsalar bankin ce a lokacin da bankuna da yawa suka taƙaita amfani da katin naira wajen biyan kamfanonin waje. Mai shirin yin talla ta kuma sa a lissafinta cewa tun daga Janairun 2022 ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin talla a Najeriya, don kada ta ga an cire fiye da abin da ta rubuta ta zaci an cuce ta.

A karo na biyu na yi hankali. Na bari sai da ya rage mako uku a yi ƙaramar Sallah, lokacin da kowace mace take tunanin ɗinki da lalle da ƙamshin ɗaki, na taƙaita tallan ga mata manya a Kano da Kaduna da Abuja, na sa ɗan gajeren bidiyo na garwashi a kasko hayaƙin sandal yana tashi a hankali, sannan na zaɓi maɓallin da ke kai mai kallo kai tsaye zuwa WhatsApp ɗina. A nan ne na ga amfanin abin da kamfanin yake sayarwa, kuma dole in yaba. Babu gidan rediyo ko allon bakin titi da zai ba ni damar in ce mata kaɗai, a garuruwa kaza kaɗai, da kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, kuma in tsayar da tallan a duk sa'ar da na ga dama. Saƙonni suka ragu idan aka kwatanta da karon farko, amma waɗanda suka zo masu niyyar saye ne.

Duk da haka akwai katangar da dala biliyan nawa ma ba ta rushe ba, wato hoto ba ya ƙamshi. Mai sayar da atamfa tana iya nuna zane da launi, mai sayar da takalmi ta nuna lamba, ni kuwa abin da nake sayarwa hanci ne alƙalinsa. Saboda haka cinikina na gaskiya ba a Facebook ko Instagram yake ƙulluwa ba, a WhatsApp Business yake ƙulluwa, kuma a cikin ukun ita ce manhajar da na fi ba maki. An fito da ita a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa, kyauta ce, tana da kundin kaya inda nake jera kowane turare da hotonsa da farashinsa, tana da saƙon maraba da ke amsa wa baƙuwa ko ina barci, tana kuma ba ni damar liƙa wa kowace hira alama mai launi, wannan ta biya, wannan tana jiran a kai mata, wannan ta ce sai ƙarshen wata. Kafin in san wannan, a bayan kwalin sabulu nake rubuta masu bashi.

Amma abin da ya fi duk waɗannan aiki shi ne saƙon murya. Wata baiwar Allah daga Damagaram ta ga tallan nan na Sallah, ta turo murya cikin ladabi tana cewa, "Hajiya, barka da war haka, don Allah humrar nan baƙa tana kama jiki kuwa, ko irin wadda ake shafawa da safe kafin azahar ta gudu ce?" Na ɗauki kwalbar a hannuna kamar tana gabana, na ce mata, "Ƙanwata, wannan da farce aka haɗa ta, an bar ta ta tsumu, idan kika shafa a mayafi ko an wanke sai kin ji saura." Muka yi ta musayar murya kusan kwana uku, ta tambayi kajiji, ta tambayi turaren tsuguno na ƙanwarta da za a aurar, daga ƙarshe ta ce in fara aika mata ƙananan kwalabe ta gwada. Na kai saƙon tasha na ba direban da ke bin hanyar Daura, bayan mako biyu ta dawo da odar kayan amarya sukutum. Tallan ne ya kawo ta ƙofata, wannan gaskiya ne, amma da rubutu kawai muka yi ba na jin za ta tura kuɗinta ƙetaren iyaka ga matar da ba ta taɓa gani ba. Mata da yawa cikin masu sayen kayana ba sa son dogon rubutun boko, wasu ma ba sa karanta shi, amma kowace tana gane muryar mai gaskiya da ta mai zaƙin baki, ko aƙalla tana ganin tana ganewa.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ya kamata a sani. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda yana ɗaukar lamba 256 ne, kuma saƙon ba ya isa sai ga wadda ta ajiye lambarki a wayarta. Haka ma sitatus, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, sai wadda kuka ajiye lambar juna take gani. Da farko na ɗauki wannan takura ce, daga baya na gane shi ya sa mutane ba su gaji da WhatsApp ba kamar yadda suka gaji da saƙonnin talla na layin waya. Yanzu duk wadda ta saya, kalmata ta ƙarshe gare ta ita ce ta taimaka ta ajiye lambar.

Sau ɗaya aka yi mini alat na bogi, wani ya turo hoton shaidar biya, ni kuma cikin gaggawar Sallah na saki kaya ban duba asusuna ba. Wannan ba laifin manhaja ba ne, kuma ban sake ba.

Na ɗan leƙa sauran manyan gidajen don kada in yi hukunci da ido ɗaya. TikTok, na kamfanin ByteDance na ƙasar Sin, ya fi kowa saurin kai bidiyon wadda ba a sani ba gaban dubban mutane, kuma wani bidiyona na yadda ake turara kaya a kan kabbasa ya samu masu kallo fiye da duk abin da na taɓa ɗorawa a wani wuri, sai dai yawancinsu matasa ne da suka zo kallo, ba masu haɗa lefe ba. YouTube, wanda Google ya saya a 2006 a kan dala biliyan 1.65, wata sana'a ce daban. Can mai bidiyo yana samun kaso daga kuɗin talla, amma cikakken shiga tsarin yana buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, ko kuma miliyoyin kallo na gajerun bidiyoyi, wanda ke nufin mutum ya mayar da ɗaukar bidiyo aikinsa. Ni da nake tsaye a kan tukunya ina soya itace da sukari da miski, ba ni da wannan lokacin, ba ni da kuɗin datar.

Abin da ke hana ni sakin jiki gaba ɗaya shi ne sanin cewa rumfar nan haya nake, kuma ba ni da ta cewa a kan ranar da za a rufe kasuwar. Ranar 4 ga Oktoban 2021, kafin in shigo, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke a duk duniya na kusan awa shida. A watan Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe shi ba sai Janairun 2022, duk wanda ya gina cinikinsa a can ya yi wata bakwai yana lalube. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, har a 2025 kafofin labarai suka ruwaito cewa kamfanin ya yi gargaɗin zai iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Ba ni da ilimin shari'ar da zan ce wane ne mai gaskiya, kuma ni kaina ina cin moriyar bayanan nan duk lokacin da na ce a nuna tallana ga matan Kaduna kaɗai, wannan kuwa yakan ɗan tsaya mini a rai. Na dai fahimci cewa rigimar da ake yi a Abuja ko a Kalifoniya tana iya shafar cinikin humra a Kano.

Ga mace mai ƙaramar sana'a irin tawa, zan ce ta buɗe WhatsApp Business yau ba sai gobe ba, ta riƙe shafin Instagram ko Facebook a matsayin allon nuna kaya, ta biya talla lokaci-lokaci idan biki ko Sallah ya matso, da kuɗin da ko ya tafi ba zai karya jarinta ba. Ni sau uku ko huɗu nake yi a shekara. Na kuma sayi babban littafi mai bango mai kauri, duk wadda ta taɓa saye ina rubuta sunanta da garinta da lambarta da irin turaren da take so, da biro, ina ajiye shi a cikin durowar da nake ajiye farce da miski. Matar nan ta Damagaram tana shafi na goma sha ɗaya, kuma jiya ta turo murya tana tambaya ko baƙar humrar da na jiƙa tun watan jiya ta isa ɗurawa.