Gmail da Outlook: A Wanne Za a Iya Dawo da Wasiƙar da Aka Goge?

Malam, ka ce kana da akwatin imel biyu, ɗaya a Gmail ɗaya a Outlook, kuma a makon jiya da kake share tarkace ka haɗa har da wasiƙun da kake buƙata, sannan ka zubar da kwandon sharar kowannensu. Tambayarka ita ce ko akwai inda za a iya ceto wani abu. Akwai, amma damar da kake da ita a wuraren biyu ba ɗaya ba ce.

A matakin farko babu bambanci. Duk wasiƙar da aka goge kwandon shara take tafiya, ta zauna kwana 30 kafin ta ɓace da kanta, kuma a cikin wannan wa'adi zaɓenta kawai za ka yi ka mayar da ita akwatin shiga.

Bayan an zubar da kwandon ne hanya take rabuwa, kuma a nan Outlook ya fi sassauci nesa ba kusa ba. Microsoft yana ajiye wasiƙun da aka cire daga kwandon a wata ma'ajiya ta biyu har tsawon kwana 30. Ka buɗe akwatinka a kwamfuta, ka shiga Deleted Items, wato kwandon sharar Outlook, ka duba can sama da jerin wasiƙun, za ka ga wani ɗan rubutu da ke cewa a dawo da abubuwan da aka goge daga wannan babban fayil. Mutane da yawa ba sa lura da shi saboda ƙanƙantarsa. Idan ka danna shi wasiƙun za su bayyana, sai ka yi wa waɗanda kake so alama ka mayar da su. Tun da mako guda ne kacal, ina kyautata zaton za ka same su.

Gmail ba shi da wannan ma'ajiya ga mai akwatin kansa. Google yana da shafin neman wasiƙun da suka ɓace, amma an yi shi ne musamman domin wanda wani ya kutsa masa akwati ya yi ɓarna. Ka gwada, sai dai kada ka ɗora rai a kai. Idan kuwa akwatin na wurin aiki ne ko na makaranta a ƙarƙashin Google Workspace, mai kula da tsarin yana da ƙarin kwana 25 da zai iya dawo da abin da aka goge.

Kafin ka fid da rai, ka rubuta in:anywhere a gurbin bincike na Gmail tare da sunan wanda ya aiko wasiƙar. Dalili kuwa shi ne, a manhajar waya, jan wasiƙa da yatsa zuwa gefe yawanci adana ta yake yi ba gogewa ba, sai ta bar akwatin shiga ta koma All Mail, wato wurin da Gmail ke tara dukkan wasiƙu, mai ita kuma yana can yana zaton ta tafi.

Shawarata ita ce ka fara da Outlook yau ɗin nan, domin kwanakin suna ƙirguwa tun daga ranar da ka zubar da kwandon. Na Gmail kuma, idan binciken bai fito da komai ba, ka tuntuɓi waɗanda suka aiko maka wasiƙun, domin galibi kwafin yana nan cikin saƙonnin da suka aika, kuma sake turo maka shi ba zai ɗauke su minti guda ba.