Motar Gudu a Jidda: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Tun da aka fara tseren Formula 1 a bakin tekun Jidda a 2021, zancen mota mai ƙofa biyu bai bar bakin samarinmu ba. Wasu da gaske suke tara kuɗi, kuma sukan tare ni da tambaya: "Yaya, wacce zan ɗauka?" Amsata ɗaya ce: Toyota GR86, sabuwa dal daga wakala, wato wakilin kamfanin a nan ƙasar. Ita nake hawa yanzu.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne kujera. Kana zama ka ji ka nutse ƙasa, tayar babbar motar da ke gefenka a danja ta kusa kai tsayin tagarka. Injinta lita 2.4 ne mai silinda huɗu, Toyota da Subaru suka haɗa hannu a kanta, kuma a kwance yake can ƙasa, shi ya sa ba ta karkata idan ka sha kwana. Ƙarfinta bai wuce doki 230 da ɗoriya ba, amma nauyinta bai kai kilo 1,300 ba, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Ka bi da ita hawan Hada zuwa Ɗa'if da sassafe kafin motoci su cika hanya, a nan za ka gane inda kuɗinka suka shiga. Sitiyarin na gaya wa tafin hannunka duk abin da taya ta taka. Ni mai giyar hannu na ɗauka, giya shida, duk da cewa cunkoson Titin Madina bayan la'asar yana gajiyar da ƙafar hagu. Wanda kullum cikin gari yake, akwai mai canza giya da kanta.

Tana da nata. Kujerun baya na yara ne ko na jaka, babba ba zai zauna ba. Ƙarar taya na shigowa ciki a babbar hanya. Tsakaninta da ƙasa santimita 13 ne kacal, dole a karkace za ka hau tudun rage gudu na cikin unguwa, in ba haka ba ka ji ƙurrr a ƙarƙashinka har cikin zuciya. Mai lamba 95 take sha. Amma iyakwandishan ɗinta na riƙe sanyi da azahar, kuma garantin wakala na bayanka, wanda a wurina ya fi komai.

Ford Mustang GT ce kaɗai nake wa kallon kishiyarta. Silinda takwas, lita 5.0, ƙarfi ya haura doki 450, ga gurnani mai juyo da kan mutane. Sai dai ta fi tsada nesa ba kusa ba, ga shan mai, kuma ina za ka kai wannan ƙarfin alhali kyamarorin Sahir masu kama gudu na jiranka a kowace hanya? Camaro da Challenger an daina ƙera su wajen ƙarshen 2023. Supra injin BMW ne a cikinta, gyaranta ma kuɗin BMW ne. Nissan Z na da doki 400 da farashin da ya dace da su. Mazda MX-5 kuwa, wa zai buɗe rufin mota a watan Agusta a Jidda?

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne nan. Da ka ce sabuwa ta yi maka tsada, musamman da harajin kashi 15, wani dillali zai ja ka gefe ya nuna maka Mustang ko Camaro "warid Amrika", wato wadda aka shigo da ita daga Amurka, da rabin kuɗi, tana ƙyalli kamar amarya. Motata ta baya irinta ce. Mai ita ya rantse mini cewa ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Ranar da bakanike ya buɗe sitiyarin, babu jakar iska a ciki, tsumma aka cusa, aka yi wa waya dabara don kada fitilar gargaɗi ta kama. Da ya ɗaga kafet, busasshen taɓo ne da tsatsa a ƙarafan kujera. Da wannan motar nake ɗaukar 'ya'yana zuwa Makka.

Doka ta hana shigo da motar da ta yi mummunan hatsari ko ta nutse, da wadda ta haura shekara 5, amma masu son banza ba sa rasa hanya. Ka kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da hannunka daga jikin motar, ba daga hoton da aka turo maka ba. Ka nemi rahoton Carfax idan daga Amurka ta zo, ka nemi na Mojaz don tarihinta a nan: hatsari, yawan waɗanda suka mallake ta, da abin da mita ta nuna a baya, domin mayar da mita baya aikin minti kaɗan ne. Takardar fahas, wato ta gwajin lafiyar mota na hukuma, ita kaɗai ba ta isa ba. Ka kai ta wurin bakaniken da kai ka zaɓa, a ɗaga ta sama a duba shasi da fenti. Idan ka kunna, fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Ka sunsuna ƙarƙashin kujera, don motocin da ruwan Nuwamban 2022 ya shanye a Jidda ba duka suka tafi tashlih, inda ake farfasa matattun motoci, ba.

Ka kuma lura da wadda aka yi tafhiɗ da ita, wato wasan zamiya da mota a kan titi. Tayoyin baya sababbi, na gaba tsofaffi, kuloci na wari, an sauya salansa, an taɓa kwamfutar inji: bar ta, ko nawa aka rage maka. Kai ma kada ka gwada, tarar karon farko riyal 20,000 ce.

Kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama duk wannan binciken. Kuma kada ka yarda motar ta zauna da istimara, wato takardar rajistar mota, mai sunan wani, ko da ɗan garinku ne. A sauya suna ta Absher, manhajar gwamnati, a ranar da kuɗi suka bar hannunka.